Inshorar Lafiya da Kuɗin Magani Bayan Ritaya: Darasi daga Azare da Ƙasar Katagum

AZARE: Duk ma'aikacin gwamnatin da ya cika shekara 60 da haihuwa, ko shekara 35 a bakin aiki, ya san cewa albashinsa zai tsaya, fansho ya maye gurbinsa. Abin da mutane da dama ba sa sakawa cikin lissafi shi ne, katin asibitin da ke rataye da albashin shi ma yakan tsaya a daidai wannan lokaci. Malaman makaranta, waɗanda dokar 2022 ta ƙara musu wa'adi zuwa shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki, jinkiri kawai suka samu, ranar tana nan tafe.

Ɗan kasuwa ba ya karɓar takardar ritaya, amma shi ma yana da ranarsa, wato ranar da ƙarfi zai ragu ya miƙa shago ko rumbun hatsi ga 'ya'ya da yaran gida. Daga nan duk kuɗin da zai kashe a asibiti daga jikin jari zai fito. Wannan darasi ya duba hanyoyin da ke gaban ma'aikaci da ɗan kasuwa a Azare da garuruwan da ke kewaye da ita, da kuma ma'aunin da ya kamata a auna kowace hanya da shi kafin a biya ko kwabo.

INDA GIZO KE SAƘAR

Cututtukan tsufa sun bambanta da na ƙuruciya ta fuskar kuɗi. Zazzaɓin cizon sauro kan zo ya tafi cikin mako guda. Hawan jini da ciwon sukari da ciwon gaɓoɓi ba sa tafiya, lallaɓa su ake yi da magani kullum har ƙarshen rayuwa. Wanda ya daina shan maganin hawan jini saboda aljihu ya yi sanyi, yana buɗe ƙofa ga shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda, waɗanda kuɗin jinyarsu ya ninka na ƙwayar maganin sau da yawa. Saboda haka maganin wata-wata shi ne babban kashe kuɗin mai ritaya, kamar yadda kuɗin haya da na lantarki suke ga mai shago.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun jama'a yake fita kai tsaye. A ƙarshen 2024, waɗanda ke cikin wani tsarin inshorar lafiya kimanin mutum miliyan 19 ne, a ƙasar da yawan al'ummarta ya zarce miliyan 200.

Bugu da ƙari, farashin magani ya yi tashin gwauron zabi tun daga 2023. A watan Mayu na shekarar aka janye tallafin man fetur, a watan Yuni kuma aka bar kasuwa ta yanke wa Naira farashi. Dalar Amurka da ake canzawa kimanin Naira 460 a hukumance ta haura Naira 1,500 a cikin 2024. Da yake galibin magunguna da sinadaran haɗa su daga waje ake shigo da su, musamman daga Indiya da Sin, tsadar dala ta sauka kai tsaye a kan teburin mai kemis. Kamfanin GSK ya ba da sanarwar rufe harkokinsa na kai tsaye a Nijeriya a watan Agusta 2023, kamfanin Sanofi ya bi sahu a watan Nuwamba. A watan Yuni 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu kan umarnin ɗage haraji daga kayayyakin haɗa magunguna domin sauƙaƙa wa masana'antun cikin gida, amma a watan Disamba na shekarar hauhawar farashin kaya ta kai kashi 34.8 cikin 100. Fansho kuwa ba ya tafiya da irin wannan sauri.

YADDA TSARIN YAKE AIKI

An kafa shirin inshorar lafiya na ƙasa, NHIS, da dokar soja mai lamba 35 ta 1999, aka ƙaddamar da shi a watan Yuni 2005 a zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo. Ya fara ne da ma'aikatan gwamnatin tarayya. Bisa ƙa'idarsa, mai ɗaukar aiki zai zuba kashi 10 cikin 100 na tushen albashi, ma'aikaci ya zuba kashi 5, katin kuma ya ɗauki ma'aikacin da matarsa ko mijinta guda, da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. A watan Mayu 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu kan sabuwar doka wadda ta soke tsohuwar, ta kafa hukumar NHIA, ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan ƙasa.

Ɓangarori uku ke cikin wannan sha'ani. Akwai hukumar da ke tara kuɗi da sa ido, akwai kamfanonin dillancin lafiya da ake kira HMO waɗanda ke tsaye tsakanin hukuma da asibiti, sannan akwai asibitin da mutum ya zaɓa. Ana biyan asibitin ta hanya biyu. Ta farko ita ce kuɗin kai: a kowane wata ana ba asibiti wani ƙayyadadden kuɗi a kan kowane mutum da ya yi rajista da shi, ko ya zo ko bai zo ba, kuma daga ciki ne asibitin zai duba shi ya ba shi maganin matakin farko. Ta biyu ita ce biya bisa aikin da aka yi, wadda ta shafi tiyata da ganin ƙwararren likita, kuma sai kamfanin HMO ya ba da lambar amincewa kafin a yi aikin. Mara lafiya kuma yakan biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin maganin da aka ba shi.

Ɗan kasuwa zai gane inda wannan tsari ke da rauni ba tare da dogon bayani ba. Daga 2012 zuwa 2024 kuɗin kai ya tsaya a Naira 750 a wata, alhali farashin magani yana ta hawa. Matashin da ba ya zuwa asibiti riba ne ga asibitin, dattijon da ke karɓar magani kowane wata kuwa ya fi ƙarfin abin da aka biya a kansa. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa masu kati ke yawan jin cewa magani ya ƙare, a je waje a saya. Hukumar NHIA ta ƙara kuɗin da ake biyan asibitoci a 2024 da kuma 2025, ta kuma umarci kamfanonin HMO a 2025 da su riƙa ba da lambar amincewa cikin awa guda. Duk da haka, wajibi ne mai ritaya ya bincika yadda abin yake a asibitin da zai zaɓa, domin umarni daga Abuja da abin da ke kan kantar ɗakin magani ba kullum suke haɗuwa ba.

HANYOYI BIYAR

Hanya ta farko ita ce shirin GIFSHIP na hukumar tarayya, wanda aka ƙaddamar a watan Nuwamba 2020 domin waɗanda ba sa cikin jerin masu albashi, kamar 'yan kasuwa da masu sana'a da 'yan fansho. Ana shiga a ɗaiɗaiku, ko a matsayin iyali, ko a ƙungiyance, ana biya shekara-shekara. Lokacin da aka fara shi kuɗin ya kama Naira 15,000 ga kowane mutum a shekara. An ƙara shi daga baya, don haka sai a tambayi farashin yau a ofishin hukumar. Amfaninsa ga tsohon ma'aikacin tarayya shi ne, abubuwan da yake biya sun yi kusa da waɗanda ya saba da su lokacin yana aiki.

Hanya ta biyu ita ce hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Bauchi, BASHCMA, wadda ke tara gudunmawa daga ma'aikata da sauran jama'a tana biyan asibitocin da ta amince da su. Ma'aikacin jiha ko na ƙaramar hukuma da ke dab da ritaya ya kamata ya je ofishinta da tambayoyi biyu: shin sunansa zai ci gaba da zama a rajista bayan albashi ya tsaya, kuma idan ba haka ba, nawa zai biya da kansa, yaushe kuma.

Hanya ta uku ta marasa galihu ce. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, BHCPF, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, aka kuma fara ware masa kuɗi a kasafin 2018. Ta hannun hukumomin jihohi ake yi wa mutane rajista kyauta a cibiyoyin lafiya na mazaɓu, kuma dokar 2022 ta ambaci tsofaffi cikin masu rauni, tare da ƙananan yara 'yan ƙasa da shekara 5 da mata masu juna biyu da naƙasassu da matalauta. Sai dai guraben suna da iyaka, kuma an tanade su ne domin waɗanda ba su da halin biya. Attajiri ko babban ɗan fansho bai dace ya gina lissafinsa a kan wannan ba, amma zai yi alheri idan ya nuna wa tsofaffin unguwarsu hanya.

Hanya ta huɗu ita ce sayen kati kai tsaye daga kamfanin HMO mai zaman kansa. Wasu kamfanoni suna da tsari na musamman domin tsofaffi, wanda 'ya'yan da ke aiki a Abuja ko Legas ko ƙasashen waje kan saya wa iyayensu. Kuɗinsa ya fi na gwamnati nesa ba kusa ba, kuma yakan zo da sharuɗɗa: iyakar shekarun shiga, iyakar kuɗin da za a kashe wa mutum a shekara, da wa'adin jira kafin a fara biyan cutar da mutum ya shigo da ita. Kamfanin da ke da asibitoci da yawa a Legas ba lallai ne yana da ko guda a Azare ba.

Hanya ta biyar ita ce ta gargajiya, wato mutum ya tanadi kuɗinsa ya biya da kansa, ko ya dogara da 'ya'ya da dangi. Tana da 'yanci, domin mai kuɗi a hannu yana zuwa inda ya ga dama. Amma jinya guda mai tsawo tana iya cinye gona da shanu da jarin shekara talatin. Tsofaffin sojoji su ne ke da wani tanadi na daban, domin kamfanin lafiya na ma'aikatar tsaro, DHML, yana ɗaukar waɗanda suka yi ritaya.

MA'AUNI NA FARKO: TAKARDAR MAGANI

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara tambayar farashin kati. Abin da ya kamata a fara da shi shi ne takardar magani. Mai ritaya ya zauna da likitansa ya rubuto dukkan magungunan da yake sha kullum, da ƙarfinsu, da yawan da yake buƙata a wata, shi da uwargida. Ya tabbata an rubuta sunan asali na kowane magani, domin hukumomin inshora da sunan asali suke aiki, ba da sunan da kamfani ya raɗa wa hajarsa ba. Alal misali, Norvasc sunan kamfani ne na maganin hawan jini mai suna amlodipine, Glucophage kuma sunan kamfani ne na maganin sukari mai suna metformin. Wanda ya dage sai mai sunan kamfani, shi zai biya bambancin.

Da wannan takarda zai je ofishin kowane tsari ya nemi a nuna masa jerin magungunan da suke biya. Daga nan sai ya wuce ɗakin maganin asibitin da yake son zaɓa, ya tambayi mai ba da magani ko waɗannan magunguna suna samuwa ga masu kati, da abin da ake yi idan sun ƙare: ana tura mutum wani kantin da aka yi yarjejeniya da shi, ko ana mayar masa da kuɗinsa, ko shi ke nan. Ya kuma tambayi masu katin da suka riga shi, domin 'yan fansho da ke layin asibitin hawan jini sun fi kowace takardar talla sanin gaskiya.

Ga misalin lissafi. Alƙaluman an ɗauke su ne domin koyo kawai, kowa zai sa nasa. A ɗauka dattijo yana kashe Naira 15,000 a wata kan magani, wato Naira 180,000 a shekara, sannan ganin likita da gwaje-gwaje suna cin Naira 40,000. Jimla Naira 220,000 ke nan. A ɗauka kuma kuɗin kati Naira 40,000 ne a shekara. Idan asibiti yana ba shi dukkan maganinsa, zai biya kashi 10 cikin 100, wato Naira 18,000, a haɗa da kuɗin kati ya zama Naira 58,000. Ya tsira da Naira 162,000.

To amma idan rabin maganin kaɗai ake samu, zai sayi na Naira 90,000 a waje, ya biya Naira 9,000 a asibiti, ga kuɗin kati Naira 40,000. Jimla Naira 139,000, abin da ya tsira da shi ya sauko zuwa Naira 81,000. Idan kuma daga wani gari yake zuwa, kuɗin mota shi da ɗan rakiya yana cin Naira 6,000 a kowane wata, Naira 72,000 sun tafi a hanya, ragowar Naira 9,000 kacal. Katin dai yana da sauran amfani, domin shi ne zai tare kwanciya asibiti ko tiyata idan ta taso. Amma lissafin ya nuna cewa samuwar magani da nisan asibiti sun fi farashin kati tasiri a aljihu.

Wanda ya zama dole ya sayi magani a waje ya kiyaye jabu. Ya duba lambar rajistar hukumar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki a jikin kwali, ya saya a kantin da ke da lasisi, ya guji na masu talla a faranti da rana ta gasa. Zafin watannin Maris zuwa Mayu a wannan yanki yana lalata magani, musamman allurar insulin ta masu ciwon sukari, wadda ke buƙatar wuri mai sanyi.

MA'AUNI NA BIYU: NISAN ASIBITI

Tun da hedikwatar masarautar Katagum ta dawo Azare a 1916, garin ya zama cibiyar mulki da kasuwanci na arewacin Jihar Bauchi, haka kuma ya zama ta fuskar lafiya. A nan ne babban asibitin tarayya da aka fi sani da FMC yake, a nan kuma aka kafa Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya a 2021. Mutanen Zaki da Gamawa da Itas/Gadau da Shira da Giade da Jama'are, har da wasu daga Jigawa da Yobe, nan suke nufa idan ciwo ya yi tsanani. Abin da ya gagara a Azare sai a wuce Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kowannensu tafiyar kimanin kilomita 200.

Tsarin inshora yana buƙatar mutum ya zaɓi asibiti guda a matsayin ƙofar farko, daga nan ake tura shi gaba da takarda. Mazaunin cikin garin Azare ba shi da wata wahala. Amma ma'aikata da yawa kan koma garuruwansu bayan ritaya. Wanda ya yi aiki a Bauchi ko Abuja ya dawo gida Katagum ko Udubo ko Yana ko Chinade, ya kamata ya sauya asibitinsa kafin ya kwashe kaya. Zai auna tsakanin asibitin kusa, inda zuwa ke da sauƙi amma magani kan yi ƙaranci, da babban asibitin Azare, inda ƙwararru suke amma ga kuɗin mota da dogon layi. Mafita ga wasu ita ce su nemi likita ya riƙa rubuta maganin wata biyu ko uku idan ciwon ya daidaita kuma ƙa'idar tsarin ta yarda.

Damina ma tana da nata hukunci. Garuruwan bakin kogin Jama'are sun saba da ambaliya, kuma a watan Agusta 2024 ruwa ya yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a cikin ƙaramar hukumar Katagum. Mai shan magani kullum da ke zaune a ƙauye ya kyautu ya shiga watan Agusta da guzurin maganin aƙalla wata guda a ajiye.

MA'AUNI NA UKU: ABIN DA BA A BIYA

Babu inshorar da ke biyan komai. A ƙa'idojin NHIS na 2012, manyan hotunan asibiti irin su CT da MRI rabi ake biya, mara lafiya ya cika rabi, wankin ƙoda kuma bai wuce sau shida ba, shi ma ga ciwon da ya taso farat ɗaya. Kwanakin kwanciya a shekara suna da iyaka, jinya a ƙasar waje kuma ba ta ciki. An yi wa ƙa'idojin gyare-gyare daga baya, saboda haka a nemi na yanzu a rubuce.

Tambayoyin da suka fi shafar tsoho su ne: aikin yanar ido da gilashi, aikin matsalar riƙewar fitsari da ke damun dattawa maza, gashin ƙashi da motsa jiki bayan shanyewar ɓarin jiki, maganin ciwon daji, da wankin ƙoda na dindindin. Na ƙarshen nan shi ne ya fi karya gidaje, domin mai shi kan buƙaci wanki sau biyu ko uku a mako. A 2025 gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar rage kuɗin wankin daga kimanin Naira 50,000 zuwa Naira 12,000 a wasu asibitocinta, har da na Azare. Ko a wannan farashi, wanki biyu a mako ya kama fiye da Naira miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu a shekara, ban da allurai da gwaje-gwaje. Wannan kaɗai ya isa ya nuna darajar ƙwayar maganin hawan jini da ake rainawa.

Har ila yau, a tambayi wa'adin jira. Galibin tsare-tsare ba sa fara aiki ranar da aka biya, sai bayan wasu makonni. Wanda ya bari sai ciwo ya kwantar da shi sannan ya aika a yi masa rajista, zai tarar ba a fafe gora ranar tafiya. Haka kuma wanda ya bar katinsa ya mutu bai sabunta ba, yana iya komawa layin jira daga farko.

FANSHO, GARATUTI DA ASUSUN KO-TA-KWANA

Dokar fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, ta tanadi cewa mai ɗaukar aiki ya zuba kashi 10 cikin 100, ma'aikaci kashi 8, a asusun ajiyar ma'aikacin. Idan ya yi ritaya yakan karɓi wani kaso a dunƙule, sauran kuma ya zaɓi ko kamfanin fansho ya riƙa biyansa wata-wata daga asusun, ko ya sayi biyan har-abada daga kamfanin inshorar rayuwa. Ko wanne ya zaɓa, kuɗi zai karɓa, katin asibiti nemansa ake yi daban. Ga masu sana'ar kansu, hukumar PenCom ta ƙaddamar da ƙaramin tsarin fansho a 2019, inda a wancan lokacin aka ba mai ajiya damar cire kashi 40 cikin 100 domin larura, a bar 60 sai tsufa.

Shawarar da ta dace da hankalin kasuwanci ita ce a raba tanadin lafiya gida biyu. Kati ya ɗauki abin da yake ɗauka, sannan a ware asusun ko-ta-kwana domin abin da kati ya bari. Daga kuɗin da aka karɓa a dunƙule, kafin a sayi mota ko a shiga sabuwar sana'ar da ba a sani ba, a cire kuɗin kati na shekara biyu da kuɗin maganin wata shida a ajiye inda za a iya ɗauka cikin kwana guda. Gona da fili dukiya ce, amma ba a sayar da su da tsakar dare, kuma wanda ya sayar cikin gaggawa a wulaƙance yake sayarwa. Da yake jinkirin biyan garatuti abu ne da 'yan fansho suka sani a jihohi da dama, ya kamata a fara wannan tari shekara biyu ko uku kafin ranar ritaya.

RABON 'YAN KASUWA

Dokar 2022 ta ɗora wa duk mai ma'aikata biyar zuwa sama alhakin sanya su cikin inshorar lafiya, kuma a watan Satumba 2025 fadar shugaban ƙasa ta ba da umarnin cewa masu neman kwangilar gwamnatin tarayya su riƙa gabatar da takardar shaidar NHIA. Mai gidan mai ko kamfanin sufuri ko injin casar shinkafa da ke yi wa yaransa rajista zai iya tambayar yadda zai haɗa da tsofaffin da suka yi masa hidima suka gaji.

Ƙungiyoyin kasuwa ma suna da ƙarfin da mutum ɗaya ba shi da shi. 'Yan hatsi da 'yan tireda da dillalan dabbobi sun saba da adashi da karo-karo idan ɗan'uwa ya kwanta ciwo. Idan suka shiga tsari a ƙungiyance, sakatare ya riƙe ranar sabuntawa, kuma kukan mutum ɗari ya fi na mutum ɗaya isa kunnen asibiti, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Akwai waɗanda ke ɗari-ɗari da inshora saboda dalilin addini. Shi ya sa jihohi irin su Kano da Bauchi suka gina nasu a kan taimakekeniya, inda jama'a ke zuba gudunmawa a asusu guda domin a yi wa wanda ya kamu magani. Kazalika hukumar NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kuma kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful sun samu lasisi. Mai shakka ya kai takardun tsarin ga malamin da ya amince da shi, ya ji hukunci a kan abin da ke rubuce.

DARASI DAGA WASU ƘASASHE

Ghana ta kafa inshorar lafiya ta ƙasa a 2003, ta kuma ɗauke wa 'yan shekara 70 zuwa sama da 'yan fanshon hukumar SSNIT biyan kuɗin shekara, amma sai sun yi rajista suna sabuntawa. A Amurka an kafa shirin Medicare domin 'yan shekara 65 zuwa sama tun 1965, amma sai a 2006 ya fara biyan maganin da ake saya a kanti, kuma sai a 2025 aka ƙayyade cewa abin da tsoho zai biya daga aljihunsa kan irin wannan magani kada ya wuce dala 2,000 a shekara. Ke nan ko a ƙasa mai arziki, batun magani ne ya fi wuyar warwarewa, kuma har yau tsofaffin can suna zama kowace shekara su gwada takardar maganinsu da jerin kamfanoni kafin su zaɓa.

Wannan ɗabi'a ce ta kamata mai ritaya a Azare ya ɗauka. Shekara guda kafin ya bar aiki ko ya miƙa shago, ya auna jini da sukari da ƙoda da ido, ya rubuta magungunansa, ya tabbatar da garin da zai zauna, ya tanadi lambar zama ɗan ƙasa ta NIN, sannan ya ziyarci ofishin NHIA da na BASHCMA da aƙalla kamfanin HMO guda, ya karɓo sharuɗɗa a rubuce. Ya yi rajista tun tsohon katinsa bai mutu ba, ya sanar da ɗaya daga cikin 'ya'yansa inda takardu suke da lambar da ake kira idan an samu matsala. Kowace shekara kuma, kafin ya sabunta, ya sake lissafin da farashin wannan shekarar.